Motocina sun fi jirgin girma, in sayar da su ne ko in bar su a tashar?

Ɗan Baladji:
Assalamu alaikum jama'ar gida, jam na. Dan Allah shawara nake nema. Waɗanda suka daɗe a nan sun san kusan shekara biyu ke nan ina haɗa ƙaramin kwaikwayon gar ɗinmu, wato tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, a kan katako, tsawo mita biyu da rabi faɗi mita ɗaya, jirgin kuma na gwanjo ne na kamfanin Jouef, ma'aunin HO, yayana ya aiko min daga Faransa, kai ɗaya da tarago shida. Ni ba ɓangaren fasinja ne ya dame ni ba, ɓangaren kaya nake so, wajen da ake sauke kontena daga jirgi a ɗora wa tireloli su kama hanyar Garwa da Marwa har Injamena, don nan mahaifinmu ya yi aikin dako muna kai masa abinci muna yara. Toh na tara ƙananan motocin wasa na ƙarfe guda 43, yawanci Majorette da Hot Wheels, ɗaya ɗaya nake tsinta a kasuwa wajen masu kwance dila, jiya bayan isha'i na ce bari in jera su in gani, wallahi da na ajiye taksi kusa da tarago sai na ga rufinta ya kusa kai tagar jirgi, akori-kura kuwa ya fi ƙofar sito faɗi. Jikina ya yi sanyi. Shin in sayar da su duka in fara daga farko ne ko akwai dabara?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka sayar da komai tukuna, ɗauko rula. Matsalar ma'auni ce, abin da Faransawa ke cewa eshel. HO ɗaya bisa 87 ne, wato duk santimita 87 na gaske ya koma santimita ɗaya a kan teburinka. Su kuma ƙananan Majorette da Hot Wheels da Matchbox suna zagaye da ɗaya bisa 64 ne. Ga misali da motar da kowa ya sani, Fijo 504 tsawonta kusan mita huɗu da rabi, a 1:87 za ta fito santimita 5 da ɗan ɗigo, a 1:64 santimita 7 cif. Ka ga ta ɗara da fiye da kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a tsawo kaɗai ba, har faɗi har bisa, shi ya sa ido ya ƙi karɓa. Mutum mai tsayin mita 1.70 a HO bai cika santimita 2 ba.

Ɗan Baladji:
Usoko Malam. Amma me ya sa wata tanka da nake da ita ta yi daidai da jirgin, alhali kamfani ɗaya ne ya yi ta da taksin?

Malamin Lissafi:
Yauwa ka zo wurin. Su waɗannan kamfanonin kwali suke aunawa ba mota ba, kwalin girmansa ɗaya ne, ƙaramar mota sai a kumbura ta ta cika shi, babbar mota a matse ta ta shiga. Kifa ta ka duba cikinta, Majorette suna rubuta ma'aunin a ƙasa kusa da sunan motar, za ka ga wata 1/55 wata 1/60, manyan motoci kuma 1/100, wasu dogayen tirelolinsu ma 1/87 ne sak. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka raba gida gida ka faɗa mana abin da ka samu.

Alhajin Injamena:
Salam. Ni fa ba zan ɓoye maka ba ɗana, duk abin da ba 1:87 ba ka sauke shi daga teburin. Ba na ce ka zubar ba, ka yi masa kanta daban ka jera. Na haura shekara ashirin ina wannan abu a ƙasar da ko taku ɗaya na layin dogo babu, mu a Chadi jirgin ƙasa sai dai a hoto ko in mutum ya sauka Ngaundere, saboda haka wanda ke kan teburina shi ne kaɗai nawa kuma ba na yarda in yi masa ƙarya. Mota ɗaya da ta fi ƙarfin wurinta tana ɓata aikin shekara. Wasu daga cikin irin waɗannan motocin ma don jirgi aka fara yin su, Dinky da kamfanin Meccano ya fitar a 1934 kayan ƙawata layin Hornby ne na ma'aunin O, ka ga tun farko mota ce ke bin jirgi ba jirgi ke bin mota ba. In ƙarfe kake so a 1:87 akwai Schuco, akwai manyan motocin Siku. In za ka haƙura da roba ga Wiking da Herpa da Brekina da Busch, kuma a gaskiya na roban sun fi fitar da ƙananan abubuwa kamar madubi da marfin tanki. Gara motoci biyar na ƙwarai da hamsin na hayaniya.

Kawu Direba:
Alhaji Allah ya ƙara girma, ban ƙi taka ba amma ban karɓa duka ba. Ni shekara ashirin da shida na yi ina jan tirela tsakanin Ngaundere da Kuseri, wannan filin da yaron nan yake son ginawa na kwana a cikinsa ba adadi ina jiran lodi. Abin da zan faɗa shi ne ko da ya sayo motoci daidai da ma'auni har milimita, in motocin Jamus ne masu sheƙi da rubutun kamfanin madara na Turai, wallahi ba gar ɗinmu ya gina ba. Gar ɗinmu ƙura ce ja, tamfol mai faci, taya biyu ɗaure a bayan kai, buta rataye a gefe, yaron mota ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi yana dafa shayi. Tankokin mai a layi ɗaya, motocin auduga na Sodecoton sun sauko daga Garwa da dila dila, motocin shanu sun zo daga arewa ana jiran a loda wa tarago su tafi kudu. Wannan shi ido zai fara nema. Mutumin da ya san wurin ba zai zo da rula ba, zai tsaya ne ya ce kai ga inda muke sallah can.

Alhajin Injamena:
Kawu ai ba a raba biyun ba. A yi ƙurar a yi tamfol ɗin amma a kan motar da girmanta ya yi daidai. In tirelarka ta fi kan jirgi tsayi ko ka shafa mata jar ƙasar Adamawa duka ba za ta gyaru ba.

Kawu Direba:
Gaskiya ne wannan. Amma ka tuna kuɗin da ake kashewa kafin mota ɗaya ta iso nan daga Turai, kuɗin aike ya kan fi kuɗin motar. Yaron nan albashi yake jira, kai ma ka san ba ɗaya kuke ba Alhaji.

Ɗan Baladji:
Kawu kamar ka shiga zuciyata. Na taɓa gwadawa bara, na yi odar motoci uku ta intanet wurin wani mai sayarwa ya rubuta HO ƙarara a tallar, na jira wata biyu da kwanaki, da suka iso biyu 1:64 ne ɗayar kuma gilashinta a fashe, na yi ta rubuta masa bai ko amsa ba. Tun daga nan na ji tsoro na koma wa 'yan gwanjo inda zan riƙe abu a hannuna in juya shi.

Makanike Kuseri:
Slm yayyena. Ni tsakiya zan bi. Na farko dai Alhaji da girmamawa, in za mu bi gaskiyar ma'auni har ƙarshe to shi kansa layin ba daidai yake ba. Layin Kamaru faɗinsa mita ɗaya ne, shi kuma layin HO milimita 16.5 ne, kwaikwayon layin Turai mai milimita 1435. Wanda ya dace da namu shi ne HOm mai milimita 12 irin na kamfanin Bemo, kuma wa ke da kuɗinsa a cikinmu? Ka ga kowa akwai inda ya kau da kai. Na biyu akwai dabarar nesa da kusa, duk abin da ke kusa da mai kallo ya kan yi girma, na nesa ya ƙanƙance. Saboda haka 1/100 ɗin nan su ne zinariyarka, ka kai su can baya jikin bango kamar suna fita gari za su kama hanyar falez, gangaren dutsen nan na hanyar Garwa, sai teburin ya yi kamar ya fi yadda yake zurfi. 1/87 su tsaya jikin jirgi. Na 1:64 kaɗan daga ciki ka sa su a bakin tebur ta gaba can, da katanga ko layin itatuwa tsakaninsu da jirgi, sharaɗin kawai kar ka taɓa haɗa ma'auni biyu kafaɗa da kafaɗa.

Alhajin Injamena:
Maganar layin mita ɗaya ka yi gaskiya ɗana, na karɓa, kuma tana ci min rai tun da daɗewa. Na baya ɗin ma na yarda, ni kaina ina da motocin N guda biyu, 1:160, a kan tudun bayan teburina. Amma 1:64 a gaba ban yarda ba. Dabarar tana aiki ne in ka tsuguna idonka ya yi daidai da tebur, da ka miƙe tsaye ka kallo daga sama asiri ya tonu.

Makanike Kuseri:
To sai ya ɗaga teburin ya kai masa ƙirji Alhaji. Nawa a kan durom biyu yake da katako a sama, kuma hakan ya raba ni da hannun yara.

Malamin Lissafi:
In ƙara abu ɗaya kafin wani ya faɗa rami, akwai OO na Ingila, 1:76, layinsu ɗaya da HO shi ya sa masu talla ke rubuta HO/OO a haɗe. Motocin Oxford Diecast da yawa a wannan ma'aunin suke. Sun ɗara HO da kusan kashi 14 cikin ɗari, babbar mota za ta iya sajewa ƙarama kuwa tana nunawa, sannan ka duba sitiyari, na Ingila a dama yake mu namu a hagu.

Mai Shago Garwa:
Ku yi haƙuri ni sabo ne a nan, ɗan'uwana ya saka ni. Tambaya ce tsakani da Allah ba raini ba. Magidanta da iyali kuna kashe kuɗi da dare a kan motar wasan yara, mu da muna yara da karan dawa da waya da gwangwanin madara muke ƙera namu mu yanka silifa mu yi taya, ko sisi ba mu kashe ba. Mene ne ribar wannan?

Kawu Direba:
Barka da zuwa ɗana, tambayarka ba laifi. Ni ma motar kara na fara ja kafin ta ƙarfe. Zan ba ka amsa da abin da ya same ni. Motar da na fara koyon tuƙi a kanta Marsandi ce mai gajeren hanci, irin wadda ake kira 911, maigidana Allah ya jiƙansa shi ya ɗora ni a kanta ina yaron mota. An daɗe da yanka ta an sayar da ƙarfen a kilo, ko hoto ɗaya ba ni da shi. Shekaru uku da suka wuce Alhajin nan ya aiko min da irinta 'yar ƙarama da ba ta kai tsawon yatsana biyu ba, na yi mata fenti kore da ja yadda tamu take, na rubuta mata abin da ke rubuce a goshin waccan. Ranar da na gama na ajiye ta a tafin hannuna na daɗe ban yi magana ba. Yanzu jikokina da ita nake nuna musu yadda ake sauka falez da lodi, wace giya ake sawa, a ina birki ke zafi, a ina abokanmu suka rasu. Ribar da na samu ke nan.

Mai Shago Garwa:
Allah ya jiƙan magabata Kawu. Na fahimta, a yafe ni.

Maman Ummi:
Salamu alaikum. Ni maigidana ne mai jirgin amma tamfol da buhunan da ke kan motocinsa duk ni na yi, bari in ba ƙanena abin da na gano. Kar ka sa atamfa ko yadi, zaren ya yi kauri sai ya fito kamar an rufe mota da tabarma. Takardar jakar shayi ita ce, ka sha shayinka ka farke jakar ka shanya ta bushe, ka jiƙa ta da farin gam na katako da aka sirka da ruwa, ka ɗora kan lodin ka danna da ɗan tsinke ta yi lanƙwasa da kanta, in ta bushe ka shafa fenti shuɗi ko kore, launin shayin ma yana taimakawa ta fito kamar ta sha rana. Igiya kuma zaren ɗinki ruwan ƙasa, ka ja shi a jikin kyandir tukuna don gashinsa ya kwanta. Buhun masara da na albasa ƙwayar shinkafa ta yi ƙanƙanta, ni da ƙullin sabulu nake yi in matse da farce. Roƙona ɗaya dan Allah, madubai da tayoyin nan ƙanana ne ƙwarai, wanda ke da mai rarrafe a gida ya kula, kuma tsofaffin motocin da fentinsu ke ɓarewa kar a bar yaro ya kai baki.

Ɗan Baladji:
Yaya Allah ya saka da alheri, wannan ta jakar shayi ban taɓa ji ba. Makanike fentin fa, ya kake yi? Nawa duk launin tsere ne da zanen wuta a jiki.

Makanike Kuseri:
Kifa motar za ka ga ƙusa ɗaya ko biyu da aka dasa suka riƙe bodi da ƙasa, ka huda kansu a hankali da ƙaramin abin huda har su saki, kar ka zurfafa. Ka ware gilashi da kujeru da tayoyi gefe don tina tana cinye roba, bodin ƙarfen kaɗai za ka jiƙa, tsohon fentin zai tashi ka goge da tsohon buroshin haƙori. Ka bi layin zubi da samfefa mai laushi, sai farin shafe na farko siriri, sai launi, shafa biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri don mai kauri yana cike layin ƙofa motar ta koma kamar alewa. Taksi ruwan ɗorawa. Lamba kuma ka buga a takarda ƙanana ka manna, AD na Adamawa, NO na Garwa, EN namu na nan sama, LT na masu tasowa daga Duwala. Ƙura ita ce ta ƙarshe, ka ɗebo jar ƙasa ta gaske ka daka ka tankaɗe da rariyar shayi sau biyu, ka ɗauka da busasshen buroshi ka bi ƙasan bodi da bayan taya da bayan mota inda iska ke tara ta, rufin kuma kaɗan. Kuskuren da na fara yi shi ne na bulbule motar ko'ina daidai wa daida, alhali ƙura ba haka take hawa mota ba. Tayoyin Hot Wheels masu faɗi da ƙyalli su ne ke fi tona asiri, in ba ka da na canji ka shafe su da baƙi marar sheƙi.

Alhajin Injamena:
Tsaya, kafin ya kama hudawa. Ɗana ka turo hoton cikinsu tukuna. Duk wadda aka rubuta an yi ta a Faransa, ko Matchbox mai sunan Lesney an yi a Ingila, kar ka taɓa fentinta ko ya goge, masu tarawa suna nemansu a yadda suke. Lesney tun 1953 suka fara Matchbox, Majorette kuma Emile Véron ne ya kafa ta a yankin Lyon, ɗan gidan da suka yi Norev, sunan nasu ne ma aka juya ta baya. A cikin dilolin nan akan yi dace. Sannan maganar ajiya, ƙarfen nan sunansa zamak, tutiya ce aka haɗa da alminiyon da ɗan jan ƙarfe da magniziyom, a narka a tura cikin ma'ajin ƙarfe da ƙarfi, kusan aikin masu zubin tukunya ne sai dai su da yashi suke yi. In darma ta gurɓata haɗin tun a masana'anta, bayan shekaru sai motar ta fara kumbura tana tsagewa tana marmashewa da kanta, ba magani, kuma laima tana hanzarta shi. An fi gani a na da can, na shekarun 1930 zuwa 1950. Ku na Ngaundere da damina mai tsawo ku kula da laima, mu nan zafi ne abokin gabarmu, a watan Afrilu ya haura 40, na taɓa barin akwati ƙarƙashin rufin kwano na dawo na tarar tayoyin roba sun narke sun manne da kanta, gilashin wata bas ya lanƙwashe.

Kawu Direba:
Kuma ka zaɓi zamani ɗaya ka tsaya a kai. Jirgi ya iso Ngaundere a 1974, lokacin hukumar jirgin ƙasa ta Regifercam ne, kamfanin Camrail sai 1999. In na da kake ginawa to Fijo 404 bashe, wato akori-kura mai tamfol, da 504 da Berliet da Marsandi mai hanci, babu Hilux na yanzu, babu 'yan moto birjik a bakin gar. In na yanzu ne to kontena ta yi yawa da dogayen tireloli, wasu ma ba sa bi ta Garwa sai su yanke ta Tuboro su shiga Mundu. Kar ka haɗa kaka da jika a layi ɗaya.

Ɗan Baladji:
Na dawo, na kife su duka na duba. 1/87 guda 4 ne, tirela uku da tanka ɗaya. 1/100 guda 7. Sauran 32 ƙananan ne tsakanin 1/55 da 1/64, wasu ba rubutu sai na auna da rula. Biyar a ciki an rubuta Faransa, ɗaya kuma Lesney ce, motar ɗaukar shanu, na ware su Alhaji zan turo maka hoto. Zamanin mahaifina zan bi, wajen 1985, don haka motocin tseren nan duk sun fita, zan ba 'ya'yan ƙanwata guda goma. Huɗun nan za su tsaya jikin tarago, bakwai su tafi baya. Na gaban tebur kuwa har yanzu zuciyata ta rabu biyu, zan gwada taksi biyu bayan katanga in ɗaga teburin in duba kwana bakwai, in ido ya ƙi in sauke.

Alhajin Injamena:
Zai ƙi, amma ka gwada ka gani da idonka ya fi. Ina da Berliet ɗaya ta Brekina da na saya biyu, ta roba ce amma 1:87 ce kuma ta zamanin mahaifinka ce. Akwai direban da ke tashi daga nan ranar Alhamis ya tsallaka gadar Ngeli ya shiga Kuseri, zan naɗe ta a auduga cikin gwangwanin shayi in ba shi.

Ɗan Baladji:
Alhaji ban san abin da zan ce ba, Allah ya saka da aljanna ya raya zuri'a. Kawu wane launi Berliet ɗin da ke shiga gar suke a lokacin, kuma bodin katako ne ko na ƙarfe?

Kawu Direba:
Amin. Waɗanda na tarar yawanci bodin katako ne da aka ƙera a nan gida, mai tsayi, da tsani a gefe da ɗan akwati a saman kai inda yaron mota ke ajiye tabarma da tukunya. Launi kowa da nasa, amma ka yi kan shuɗi mai duhu bodin ka bar shi launin katako da ya sha mai. Sandunan ashana za su yi maka bodin, ka feffere su su yi siriri. In ta iso kar ka fara komai sai ka auna min tsawon bayanta ka turo, zan zana maka yadda ake jera katakon a takarda in ɗauka a waya.

Malamin Lissafi:
In za ka yi kontena da kwali, mai ƙafa 20 santimita 7 ne tsawo a HO, mai ƙafa 40 santimita 14, faɗin duka biyun santimita 2.8.

Maman Ummi:
Ka fara tara jakunkunan shayin tun yau ƙanena, tirela ɗaya tana cin uku.